Injin Da Ya Rasa Matsi: Yadda Za Ka Gane Ciwonsa Kafin Ka Kashe Kuɗi

Jama'a, ga kaka ta wuce, hunturu ya kawo jiki, masu lambu sun fara komawa fadama. A irin wannan lokaci ne kowa ke jawo injinsa daga inda ya jingine shi, ya kakkaɓe ƙura, ya zuba mai, ya kama igiya. Wani ja biyu ya tashi. Wani kuwa sai ya yi ta ja har kafaɗa ta ƙage, injin bai ko yi tari ba. Zancen wannan na biyun za mu yi a wannan mako.

Wanda duk ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya tsaya a Gonin Gora da magariba ran da aka ɗauke wuta, zai ji kukan ƙananan janareta ta kowace kusurwa: na mai aski, na mai cajin waya, na mai kanti, na malamin da ke buga wa mutane takardu. Yawancinsu irin ɗan ƙaramin nan ne mai suna Tiger, wanda ake yi wa laƙabi da "na fi maƙwabcina". In ka fita bayan gari wajen Kakau, ko ka gangara gefen rafin Romi, za ka tarad da 'yan'uwansa, watau injin feshi na goyo, da ɗan injin ban ruwa mai bakin inci ɗaya, da injin yankan itace. Tun shekarar 2016 da tsutsar nan mai cin masara ta ɓullo a Nijeriya, feshi ya zama aikin da ba ya jiran kowa. Tumatir da attarugu kuma ba su san inji ya lalace ba, in sun kwana uku ba ruwa a cikin iskar hunturu sai fure ya zube.

Duk waɗannan injuna dangi ɗaya ne. Su ne masu bugu biyu, kuma alamarsu ita ce ana gauraya musu fetur da baƙin mai a tanki guda. In injinka yana da wurin zuba baƙin mai dabam a gindinsa, da ɗan sandan duba mai, kamar manyan injunan ban ruwa na Honda da masu kama da su, to wannan mai bugu huɗu ne, yana da bawul, kuma bayaninsa dabam ne. Sai dai tsofaffin babura irin Yamaha da Suzuki na da, masu hayaƙi, su ma masu bugu biyu ne, ko da yake suna da ƙaramin tankin baƙin mai na kansu.

Mene ne matsi? Makanikai suna ce da shi kwamfireshan. Ku tuna da famfon keke. In ka toshe bakinsa da yatsa ka danna, za ka ji iska tana ture hannunka. In fatar da ke ciki ta bushe ko ta cinye, sai sandan ya zarce salin alin, ba abin da ya tare shi. To, haka cikin inji yake. Fistin shi ne sandan, silinda ita ce bututun, ringi kuma su ne fatar. Fistin yana hawa ya matse iska da tururin fetur a ɗan wuri ƙanƙane, fulogi ya ba da wuta, abin ya fashe ya turo fistin ƙasa. In iskar tana zurarewa ta gefe, ko wutar ta zo ba ta tarad da abin kirki ba.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Mai bugu biyu matsi biyu gare shi, na sama da na ƙasa. Sa'ad da fistin ke hawa, yana zuƙo iska da fetur su shiga akwatin da ke ƙarƙashinsa, inda karanshaf ke juyawa. Sa'ad da yake sauka sai ya matsa su a can ƙasan, su bi ta wasu kafofi a jikin silinda su hau sama, su kuma kori hayaƙi waje. Wani injiniya mutumin Sikotilan, Dugald Clerk, shi ya yi rajistar injin bugu biyu a 1881, amma wannan dabara ta matsa iska a ƙarƙashin fistin ta wani Baturen Ingila ce, Joseph Day, a 1891, kuma ita ce ake bi har yanzu. Ku riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Alamun rashin matsi ba su da wuyar ganewa ga wanda ya saba da injinsa. Igiya takan yi sauƙin ja fiye da yadda aka sani. Injin yakan yi wuyar tashi, in ya tashi ba ya tsayawa a ƙaramar wuta, in aka ɗora masa aiki sai ya yi sanyi, ruwan da yake turowa ya ragu, ko ƙwan lantarki ya yi ja. Wani kuma da safe yakan tashi, in ya yi zafi aka kashe shi ba ya sake tashi sai ya huce. Amma kada a yi gaggawar yanke hukunci, domin kwayil mai shirin mutuwa shi ma yakan ƙi ba da wuta in ya yi zafi.

Saboda haka sai a fara da abin da ba ya cin kuɗi. A duba man, sabo ne ko wanda ya kwana watanni a tanki? A kwance fulogi a ga ko yana ba da wuta shuɗiya. A duba filtar iska. Sa'an nan a leƙa bakin salansa. Injin da aka ajiye tun damina, sau da yawa zanzaro kan shiga ya yi ginin laka a cikin bututun hayaƙi ya toshe shi sarai. Ƙanzon baƙin mai shi ma yakan toshe salansa. Injin da ba ya iya fitar da hayaƙi ba ya iya shaƙar sabuwar iska, sai ya yi kamar wanda ringinsa ya mutu, alhali kuwa tsinke da ɗan ƙarfe sun isa su warkar da shi. An sha sauke inji gaba ɗaya a kan gidan zanzaro.

In duk waɗannan lafiya suke, to sai a zo ga awon matsi. Awo na farko hannunka ne. Ka kashe makunni, ka bar fulogi a ɗaure, ka ja igiya sannu a hankali. Inji mai lafiya za ka ji ya cije a wuri guda, ya saki, ya sake cijewa. In igiya ta taho sumul ba gargada, akwai magana. In injin marar nauyi ne, kamar ƙaramin injin yankan itace, kana iya ɗaga shi ta hannun igiya. Mai lafiya zai rataye, ko ya riƙa sauka da kaɗan-kaɗan yana tsayawa. Wanda ya gaji kuwa sai ya sulale ƙasa gaba ɗaya. Ku lura dai, wasu manyan injunan tsaga katako suna da ɗan maɓalli na rage matsi don sauƙin ja, in yana danne ko yana yoyo awon zai yi ƙarya.

Awo na biyu na babban yatsa ne. A cire fulogi, a toshe ramin da yatsa sosai, wani ya ja igiya da ƙarfi. In iska ta cire yatsan da ƙara, fuf, akwai sauran matsi. In kana iya riƙe ta, injin ya yi nisa. A yi wannan da inji mai sanyi, makunni a kashe, wayar fulogi a nesa da ramin, domin tururin fetur yana fitowa ta nan, ƙyastu ɗaya ya isa gobara. Wannan awo yana nuna wanda ya mutu sarai ne kaɗai. Ba ya iya raba mai lafiya da mai jinya.

Mai raba gardama shi ne geji, watau agogon awon matsi mai ɗan tiyo da ake ɗaurawa a ramin fulogi. Ba kowane makaniki ke da shi ba, amma a ganinmu ƙungiyar masu lambu da ke da inji biyar ko goma ya kamata ta sayi guda ta ajiye. Yadda ake yi, a ɗaura shi ya zauna daram, a buɗe cok, a buɗe totur har ƙarshe, sa'an nan a yi ta jan igiya da ƙarfi har allura ta daina hawa. Ja ɗaya ko biyu ba awo ba ne, yakan kai biyar, wani lokaci goma. Agogon yana da lamba iri biyu, PSI da bar, kuma bar 1 daidai yake da PSI 14 da rabi. Bisa ga abin da aka saba gani, ƙaramin inji mai lafiya yakan ba da PSI 110 zuwa 150, injin yankan itace yakan fi kusa da na saman, janareta kuma da na ƙasan. In ya sauko ƙasa da 90, tashi zai yi wuya. In ya kai 70, ko ya tashi ba zai yi aiki ba.

Abu biyu sukan ruɗi mai awo. Na ɗaya, gejin mota mai dogon tiyo ba ya faɗin gaskiya a kan ƙaramin inji. Janareta Tiger cikinta duka si-si 63 ne, bai kai rabin kofin shayi ba, in tiyon ba shi da ɗan bawul a can bakinsa, iskar da za a auna sai ta ɓace a cikin tiyon, allura ta nuna ƙasa. Na biyu, ƙasar Kaduna tana bisa tudu, wajen mita 600 sama da teku, iskarmu ta fi ta Ikko sauƙi da kimanin kashi 7 cikin 100. Injin da ya ba da 120 a bakin teku zai ba da wajen 112 a Gonin Gora, ba kuwa don ya lalace ba. Dabarar da ta fi ita ce a auna inji tun yana sabo a rubuta lambar a bangon shago, ko kuma a auna na maƙwabci mai lafiya iri ɗaya da geji ɗaya, a gwada.

To, an auna an ga matsi ya yi ƙasa. Ina yake zurarewa? Sai a ɗiga baƙin mai kamar rabin ƙaramin cokali a ramin fulogi, a juya injin a hankali sau biyu don man ya bi gefe, a sake awo. In allura ta yi tsalle, misali daga 70 zuwa 100, ringi ne ko jikin silinda, gama man ya toshe giɓin na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, ramin ya fi ƙarfin mai: ko gaskit na kan silinda ya ƙone, ko zaren ramin fulogi ya cinye, ko fistin ya huje. Gaskit mai yoyo yakan bar baƙin mai-mai a gefen kan silinda, wani lokaci har ka ji yana huci in ana ja. Kada a cika man, domin wurin ƙanƙane ne, in ya yi yawa allura za ta hau ko injin lafiya lau yake.

Yanzu ga abin da muka fi so kowane mai inji ya koya, domin ba ya bukatar geji ko kaɗan. Ka kwance salansa, yawanci ƙusa biyu ce ke riƙe da ita. Ka haska tocila a kafar hayaƙi, ka ja igiya a hankali, za ka ga fistin yana wucewa da ringinsa kamar mai leƙowa ta taga. Fistin mai lafiya sumul yake, da ɗan danshin mai a jikinsa. In ka ga zane-zane daga sama zuwa ƙasa kamar an ja ƙusa, ko ka ga ƙarfen ya narke ya shafe kan ringi, to injin ya taɓa yin zafi har fistin ya kama. Sa'an nan ka sami ɗan tsinken itace, ba ƙarfe ba, ka danna ringin. Mai rai zai ɗan shige ya komo. In ya tsaya ƙyam, ƙanzo ya kama shi a cikin raminsa, ba ya buɗewa ya manne da silinda.

Wannan bambanci kuɗi ne. Ringin da ƙanzo ya kama, in fistin bai zanu ba, sau da yawa wanki ne maganinsa: a jiƙa da kananzir, a cire shi a hankali, a kankare ramin da guntun tsohon ringi, a mai da shi ko a sa sabo. Amma in fistin ya zanu, sabon ringi kaɗai ba zai yi kome ba. Ga yadda ciniki kan kasance a rumfar gyara. Makaniki ya ja igiya sau biyu ya ce, "Maigida, ringi ne." Mai inji ya ce, "To, Malam, a sa sabo." Bayan mako biyu inji ya komo. Ba lalle ne mai gyaran ya yi ha'inci ba, amma da mai injin ya ce, "Don Allah Malam, cire salansa mu gani tare," da su duka biyu sun huta.

Fistin kuma yakan faɗi abin da ya kashe shi, in an sauke an duba. Zane mai zurfi a gefen salansa, zafi ne, ko don ƙarancin baƙin mai, ko don fetur ya yi wa iska kaɗan, ko don an ɗora wa injin abin da ya fi ƙarfinsa. Ita Tiger wajen wat 650 aka yi ta ta ɗauka, dutsen guga ɗaya ya wuce haka. In kuwa gefen kafireto ne ya goge ya yi fari-fari ba ƙyalli, ƙura ce ta ci shi, watau filta ta yage ko an cire ta an yar. A hunturu, a bakin babbar hanya irin ta Gonin Gora, injin da ba filta kamar ana zuba masa samfefa ne a ciki. Rami a tsakiyar kan fistin kuma yakan zo daga fulogin da ba nasa ba, ko zafi mai tsanani.

Don a san ko ringi ya cinye, a cire shi a tura shi shi kaɗai cikin silinda, a daidaita shi da kan fistin, a duba giɓin da ke tsakanin bakinsa biyu. A silinda mai faɗin milimita 45 irin ta Tiger, sabon ringi yakan bar kamar milimita 0.2 zuwa 0.3, watau kaurin takarda biyu ko uku. In giɓin ya doshi milimita guda, ya gama aiki. In an sa sabon ringi giɓin bai rufe ba, silindar ce ta buɗe. A nan sai a gwada ta da maganaɗisu na tsohuwar lasifika. In ya kama cikinta da ƙarfi, baƙin ƙarfe ce, ana iya gyara ta in akwai fistin mai girman da ya dace. In bai kama ba, alminiyon ce da aka shafa wa ɗan siririn rufi mai tauri, in rufin ya ɓare sai sabuwa. Mai zuwa Panteka ko wata kasuwar kayan gyara, ya tafi da tsohon fistin da ringin a aljihu, gama injuna masu suna ɗaya ba kullum cikinsu ke zama ɗaya ba.

Wajen ɗaurawa a kula da abu biyu, don kada a yi gyaran gangar Auzinawa. Akwai ɗan kibiya a kan fistin, yawanci tana duban salansa. Akwai kuma ɗan ƙaramin fil a cikin ramin kowane ringi, bakin ringin a kansa yake zama, don kada ya juya ya faɗa kafa ya karye. Wanda ya tura silinda da ƙarfi ba tare da ya duba fil ɗin nan ba, zai karya sabon ringi tun bai sha mai ba.

Mu komo kan matsin ƙasa da muka ce ku riƙe. Yana yiwuwa geji ya nuna 130, wuta tana nan, kafireto an wanke shi sau uku, amma inji ya ƙi zama lafiya. To, a tuhumi robobin nan biyu da ke toshe gefen karanshaf, waɗanda makanikai ke kira oyil sil, da gaskit na gindin silinda, da wuyan da ke haɗa kafireto da inji. In ɗayansu yana yoyo, injin yana shan iskar da ba ta biyo ta kafireto ba, ba ta ɗauko fetur ba, ba ta ɗauko baƙin mai ba. Alamarsa, injin yakan yi ta gudu shi kaɗai ba a taɓa totur ba, ko ya ƙi aiki sai an ja cok rabi, ko muryarsa ta sake in an karkata shi gefe. Fulogi kuma yakan fito fari fat maimakon ruwan ƙasa. Gejin ramin fulogi ba ya ganin wannan ciwo ko kusa. Masu kayan aiki sukan toshe kafar salansa da ta kafireto da roba, su hura iska kamar rabin bar, su shafa ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne ɓarakar. Wannan yoyo shi ne yakan cinye fistin na farko, kuma in ba a toshe shi ba zai cinye na biyu. Duk wanda ya tarad da zane a gefen salansa alhali ya tabbata bai taɓa rage baƙin mai ba, kada ya ɗaura sabon fistin sai an duba robobin nan.

Saura zancen gaurin mai, wanda shi ne tushen yawancin wannan wahala. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur, kowa yana neman inda zai rage, kuma sau da yawa a kan baƙin mai ake ragewa. Lissafin ba shi da wuya. Injin da aka rubuta masa 50:1, kowace litar fetur tana son mililita 20 na mai, watau lita 4 mililita 80. Wanda aka rubuta masa 25:1, kamar wasu injunan feshi, lita ɗaya mililita 40. A sami sirinji ko ɗan kofin awo na maganin yara a keɓe shi, a daina awo da ido. A gauraya a galan a girgiza kafin a zuba a tanki. Man da aka yi don wannan aiki shi ne mai alamar 2T, domin an yi shi ya ƙone tare da fetur. Baƙin man mota yana hana fistin kamawa, gaskiya ne, amma shi ke barin ƙanzon da ke riƙe ringi ya toshe salansa. Wanda aka juye daga mota kuwa, da garin ƙarfe a cikinsa, kada ya kusanci inji.

Mai niyyar sayen inji na hannu a wannan rani, kada ya yi cinikin biri a sama. Ya taɓa kan injin ya ji ko an ɗumama shi kafin ya iso, ya ja igiya da hannunsa, ya roƙi a cire salansa ya leƙa. In an yi sabon gyara kuma, tankin farko a bar injin ya yi aiki marar nauyi, a fili inda iska ke kaɗawa, ba a cikin ɗaki ko shago a rufe ba, gama hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warin abin da ke kisan ba.

A mako mai zuwa za mu duba kafireto, da yadda ake daidaita 'yan ƙusoshinsa.